Rajistar aikin ɗora rediyon gajeren zango a mota, Nuwamba 2024 zuwa Janairu 2025

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Hayaniyar lantarki da ta mamaye unguwarmu a Kano ce ta sa na yanke shawarar mayar da tashata ta rediyon masu sha'awa, wadda nake magana da wasu tashoshi da ita, cikin mota. Tun da gidaje suka cika da sola da inbata da fitilun LED masu araha, ma'aunin sigina ba ya sauka ƙasa da S8, wato maki takwas cikin tara, a zangon mita 40 (lambar tsawon igiyar rediyon ce), dare da rana, saboda haka duk tashar da ba ta da ƙarfi sosai ta nutse ke nan. Ba ni da ikon kashe inbatar maƙwabta, amma ina iya tuƙa mota zuwa inda babu su.

Na'urar da zan ɗora ita ce Yaesu FT-891, wadda na saya a hannun wani abokin sha'awa tare da eriya uku, ta zangon mita 40 da ta zangon mita 20 da ta zangon mita 10. Tana aiki daga zangon mita 160 har zuwa mita 6, ƙarfinta wat 100 ne, kuma fuskarta tana rabuwa da gangar jikinta, abin da zai ba ni damar ɓoye gangar a ƙarƙashin kujera, in bar fuskar kaɗai kusa da sitiyari. Idan tana aikawa da cikakken ƙarfi tana iya jan amfiya 23 a kan volt 13.8. Ramin kunna sigari na mota, wanda fis ɗinsa galibi amfiya 10 ne ko 15, ba zai ɗauki wannan nauyi ba, don haka dole a jawo wuta kai tsaye daga batir.

Talata, 5 ga Nuwamba

Na je sayen waya. Mai shagon ya nace cewa mai kaurin murabba'in milimita 2.5 ta wadatar, domin da ita ake haɗa manyan sifikun mota, amma lissafi bai goyi bayansa ba. Daga batir zuwa ƙarƙashin kujera mita 4 ne, zuwa da dawowa mita 8, kuma a wannan tsawo siririyar wayar za ta cinye fiye da volt ɗaya idan amfiya 20 na bi ta cikinta, alhali mai murabba'in milimita 10 ba za ta ci ko sulusin volt ba. Idan injin yana kashe batir yana ba da volt 12.4 ko kusa da haka, na'urar kuwa ba a yi ta don ta yi aiki ƙasa da kimanin volt 11.7 ba, saboda haka volt ɗayan nan ba abin da za a yafe ba ne. Na sayi mai kaurin, ja mita 4 da baƙa mita 4, a kan naira 28,000, da gidajen fis biyu na amfiya 25 a kan naira 6,000.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Mai rewaya ya zura wayoyin ta wani rami da ke bangon da ya raba ɗakin injin da cikin mota, muka sa musu zoben roba don kada gefen ƙarfen ya yanke su a kan gargada. Da ya ga ina son a sa fis a kan baƙar waya ma, wato ta as mai mayar da wuta batir, sai ya dakata ya ce, "Malam, tun da nake aikin nan ban taɓa sa wa as fis ba." Na bayyana masa cewa idan babbar wayar da ta haɗa batir da jikin mota ta saki ko ta yi tsatsa, wutar kik za ta nemi wata hanyar komawa batir, kuma hanyar da za ta samu ita ce ta eriya da cikin rediyon, inda za ta ƙone komai kafin a ankara. Ya gamsu, ya ɗaura duka fis ɗin biyu dab da kan batir. Ladan aikinsa naira 7,000.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Na ɗaure gangar na'urar a ƙarƙashin kujerar gaba ta fasinja, na bar sarari a bayanta don fankarta ta sami iska. Ta kama wuta lafiya.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Mai walda ya gama mazaunin eriya, wani ƙarfe mai kauri da aka lanƙwasa, muka huda murfin but muka ɗaure shi da noti huɗu. Na zaɓi ɓangaren hagu, domin da yake a hannun dama muke tuƙi, rassan bishiyoyin gefen titi da rumfunan masu kaya duk a dama suke. Mazaunin ya ci naira 12,000, wayar kowaks RG-58 mai haɗa eriya da rediyo, da kawunanta na PL-259 kuma naira 11,000.

Eriyar mita 10 sandar ƙarfe ce zalla mai tsawon kimanin mita biyu da rabi, wato rubu'in tsawon zangon cif, don haka ba ta bukatar wata dabara. Sauran biyun tsawonsu bai wuce nata ba, alhali rubu'in zangon mita 20 mita biyar ne, na mita 40 kuma mita goma, shi ya sa aka naɗe musu waya a jikin ƙasan sandar don cike giɓin. Ana daidaita su ne da zare siririn tsinken da ke sama ko tura shi ciki, kuma gajarta shi na ɗaga megahaz ɗin da eriyar ta fi so. Na auna da NanoVNA, wata ƙaramar na'urar awon eriya, a wani fili nesa da gine-gine, na sami SWR, wato lambar da ke nuna dacewar eriya da rediyo wadda kusancinta da 1 shi ne kyanta, 1.3 a megahaz 14.200 na mita 20, da 1.2 a megahaz 7.080 na mita 40. Lambar mita 40 ta yi kyau fiye da yadda ya kamata ga eriya gajera haka, kuma na rubuta ta a gefe da alamar tambaya.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Da injin a kashe, a bayan gari ta hanyar Gwarzo, hayaniyar mita 20 ta sauka zuwa S2, na ji tashoshin Turai da ban taɓa jin irinsu daga gida ba. Ina tayar da mota sai komai ya dagule. Na ware ƙara iri uku. Ta farko siririn kuka ce kamar na sauro, wadda ke ƙara tsini idan na taka totur, ta sauka idan na saki. Ta biyu tas-tas ce mai bin bugun injin. Ta uku wani shuu ne mai kauri wanda ke farawa da zarar na murɗa makulli, tun kafin injin ya tashi, ya ɗauke bayan daƙiƙa biyu, sannan ya dawo ya zauna idan motar ta tashi.

Don in san ta inda kowace ke shigowa, na cire wayar eriya daga bayan na'urar. Tas-tas ɗin da shuu ɗin suka ɓace, wanda ya nuna ta iska eriya ke tsintar su, amma siririn kukan ya ci gaba, wato shi ta wayar wuta yake shigowa, kuma babu mai yin irin wannan sai altaneta. Tas-tas ɗin na filogi ne, kuma maɓallin NB na na'urar, mai rage irin wannan ƙara, ya shafe mafi yawansa. Shuu ɗin kuwa lokacinsa ya tona asirinsa, domin famfon mai ne kaɗai ke kunnuwa ya cika layi da an murɗa makulli.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Mai rewaya ya sauke altaneta ya gwada diyod ɗinta, masu mayar da wutarta irin ta batir, ɗaya bayan ɗaya, ya tarar guda ta mutu. Motar ta daɗe tana caji da sauran ba tare da fitilar gargaɗi ta kama ba, sai dai wutar da take bayarwa ba ta da santsi, kuma wannan kaɗawar ce rediyon ke mayarwa kuka. An canza farantin diyod gaba ɗaya a kan naira 25,000 har da aiki. Famfon mai kuma muka ɗaga kujerar baya muka sa masa kafasita mai 0.1 maikurofarad don tace hayaniyar tsakanin wayoyinsa biyu, dab da murfin tanki, da ƙwayar ferait guda, wani zobe mai toshe hayaniyar rediyo a waya, naira 4,000. Kukan ya tafi ɗungurungum, shuu ɗin ya ragu zuwa abin da za a iya zama da shi.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Yau ce rana mafi wahala tun fara aikin. Na tsaya a gefen hanyar Zariya na yi kira a mita 20 da wat 100, sai na ga allurar SWR tana tsalle daga 1.3 zuwa sama da 3, na'urar kuma tana rage ƙarfinta da kanta don ta kare kanta. Kiran da ya biyo baya komai ya koma daidai, na gaba kuma ya sake lalacewa. Wata tashar Italiya da ta amsa mini ta ce muryata tana kakkaryewa. A mita 40 abin ya fi muni, domin ina danna makirfo sai fitilar mai a dashbod ta yi ƙyafta, ƙarfen da ke bayan makirfon kuma ya ɗan cije ni a yatsa.

Na fara zargin kan PL-259, na kwance shi na duba dalmarsa, na tarar lafiya lau. Na gwada wayar kowaks daga wannan kai zuwa wancan, babu yankewa babu haɗewa. Na sa wa na'urar lodin gwaji na om 50 (om ma'aunin tirjiyar wuta ne) a madadin eriya, ta ba da wat 100 cif ba tare da motsi ba, wanda ya wanke ta daga zargi. Abin da ya warware matsalar shi ne lokacin da na bar NanoVNA a haɗe, na zaga baya na jingina hannu a kan murfin but, sai na ga layin da ke kan allon ya yi tsalle. Na ɗaga murfin kaɗan na sake shi, layin ya koma wani wuri dabam.

Eriyar sanda rabin eriya ce kawai, ɗaya rabin jikin motar ne. Murfin but kuwa ba abin da ya haɗa shi da sauran jikin sai hinji biyu masu cike da giris da fenti, da makullin da ke zaune a kan roba. Na'urar gwajin wuta na nuna akwai haɗi, amma ga wutar rediyo mai kaɗawa sau miliyan 14 a daƙiƙa wannan haɗi ne na wasa, yana kamawa yana saki gwargwadon yadda motar ta jijjiga. Da wutar ta rasa hanyar kirki, sai ta biyo bayan wayar kowaks ta shigo cikin mota, ta bi wayoyin dashbod da na makirfo. Na kashe komai na dawo gida.

Lahadi, 1 ga Disamba

Na wuni a kan aikin haɗa sassan mota. Na yi amfani da faffaɗar saƙar tagulla, ba zagayayyar waya ba, domin wutar rediyo a fatar ƙarfe take tafiya, kuma faɗi ya fi mata kauri amfani. Kowane yanki na yanke shi gajere iya yadda murfin zai buɗe. Na kankare fenti da samfefa har ƙarfe ya yi fari a duk inda zan ɗaure, na sa washa mai haƙora, na ɗaure, sannan na shafe wurin da giris don kada tsatsa ta shiga idan damina ta zo. Na sa biyu a kan hinjin but, biyu a kan na bonet, ɗaya daga injin zuwa jiki, ɗaya kuma daga ƙarshen salansa zuwa ƙasan mota, domin salansa a kan robobi take rataye, kuma dogon bututu ne da ke yaɗa ƙarar filogi. Ƙarƙashin mazaunin eriyar ma na kwance shi na kankare. Saƙa da notuna sun ci naira 9,000. Na kuma naɗa wayar kowaks sau takwas a cikin babban zoben ferait dab da gindin eriya, a cikin but, don toshe duk wutar da ke son biyo bayanta, naira 8,000.

Da yamma na sake awo. Allurar ta daina tsalle, fitilar dashbod ta daina ƙyafta, tas-tas ɗin filogi ma ya ragu ko ba NB. Amma SWR na mita 40 ya tashi daga 1.2 zuwa 1.8, faɗin wurin da eriyar ke aiki kuma ya tsuke. Wanda bai san abin ba zai ɗauka na ɓata aikin ne, alhali akasin haka ne. Eriya gajera irin wannan, abin da take juyawa ya zama sigina a mita 40 bai wuce om 3 ko 4 ba, duk sauran abin da na'urar awo ke gani asara ce da ke zama zafi a cikin naɗin waya da mugun haɗi da ƙasa. A da jimillar om 42 ce, kusa da om 50 da rediyon ke so, shi ya sa lambar ta yi kyau. Yanzu ta sauka zuwa om 28, wato asarar ta ragu da sulusi. Duk da haka, gaskiyar magana ita ce daga wat 100 da kyar wat 10 ko 12 ke fita sama a wannan zango, kuma ba na jin akwai dabarar da za ta sauya hakan sosai a kan motar gida.

Alhamis, 5 ga Disamba

Na sake daidaita tsinken eriyar mita 20, ya zauna a 1.4. Na ɗaura igiyar nailan da zan riƙa lanƙwaso eriya da ita a cikin gari, saboda wayoyin lantarki da suka yi ƙasa a lungunan cikin birni.

Asabar, 14 ga Disamba

Na tafi madatsar ruwa ta Tiga don gasar mita 10 da ƙungiyar ARRL ta Amurka ke shiryawa a kowane Disamba. A watan Oktoba hukumomin NASA da NOAA na Amurka suka sanar cewa rana ta shiga ganiyar zagayenta na 25 na hauhawa da raguwar ƙarfinta, kuma a irin wannan lokaci ne zangon mita 10 ke buɗewa da rana zuwa nahiyoyi masu nisa, ga shi kuma eriyata ta wannan zango ita ce kaɗai cikakkiya.

A wani shingen bincike jami'i ya tsayar da ni, ya nuna sandar ya ce, "Alhaji, wannan oba-oba ta wace hukuma ce?" Na ce, "Yallaɓai, ba ta hukuma ba ce, ta masu sha'awar rediyo ce, ga lasisina." Na miƙa masa takardar ma'aikatar sadarwa ta tarayya da katin shaida, ya karanta a tsanake, ya tambayi ko ina jin maganar jami'an tsaro da ita. Na kunna masa ya ji wani mutumin Sifen yana jera lambobi, ya yi dariya ya ce in wuce. Tambayarsa tana kan hanya a halin tsaro da ake ciki, kuma shi ya sa kwafin lasisin ba ya barin aljihun dashbod.

A bakin ruwa ma'aunin hayaniya bai ko motsa ba. Na yi kira a kusa da megahaz 28.450, kuma da yake lambar kira ta Najeriya, mai farawa da 5N, ba ta cika yawa a iska ba, cikin ɗan lokaci tashoshi suka yi mini caa, har sai da na riƙa tsintar haruffa biyu-biyu daga cikin tarin muryoyin. Da hantsi Turai ce ta cika zangon, Italiya da Jamus da Faransa da Ingila, bayan azahar kuma Brazil da gabashin Amurka suka fara shigowa. A rajista da lokacin duniya na UTC nake rubutawa, wanda agogonmu ya gabace shi da awa ɗaya, wurin kuma JK41 ne a taswirar masu rediyo.

Lahadi, 15 ga Disamba

Abin lura daga jiya shi ne batir. Da wat 100 da injin a kashe, awo ya sauka zuwa volt 12.1 cikin abin da bai kai awa biyu ba, dole na riƙa tayar da mota, ga litar fetur ta haura naira dubu. Da na rage zuwa wat 50, wanda a wajen mai saurare rabin maki ɗaya ne kawai na ma'aunin S, babu wanda ya yi ƙorafi, batir kuma ya daɗe.

Asabar, 28 ga Disamba

Hazo ya sauka sosai, ya zo da matsalar da ban gamu da ita a tashar gida ba. A kan hanyar Katsina, cikin ƙura da iska, sai rediyon ya fara ƙas-ƙas a hankali, yana ƙara sauri har ya zama tsawa mai rufe komai, sannan ya yi tsit ya sake farawa. Da na tsaya ƙarar ta ragu amma ba ta ɗauke ba. Ina kwance kan wayar eriya sai wani ɗan tartsatsi shuɗi ya yi tsalle daga tsinken tsakiya zuwa yatsana. Busasshiyar ƙurar hunturu tana ɗauke da caji, tana zuba shi a kan sandar, ita kuwa sandar ba ta da wata hanya kai tsaye zuwa jikin mota, don haka cajin yake taruwa har sai ya sami inda zai fashe. Irin wannan yana iya lalata sashen karɓa na na'ura. Na bar wayar a cire har na iso gida.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Magani ɗaya ya ɗauke matsala biyu. Na naɗa wayar tagulla mai kauri zagaye tara a kan guntun bututun ruwa mai faɗin santimita biyu da rabi, na zare bututun, na haɗa kai ɗaya da gindin eriya, ɗayan da jikin mota. Ga cajin ƙura wannan naɗi hanya ce buɗaɗɗiya zuwa as, don haka ba ya samun damar taruwa. Ga wutar rediyo kuwa yana ɗaga om 28 ɗin nan zuwa kusa da 50, muddin an ɗan gajarta tsinken sama. Na riƙa buɗa zagayen ina matsewa ina kallon allon awo, har mita 40 ta zauna a 1.2, wannan karon ba da taimakon asara ba. Mita 20 ta koma 1.2 ita ma bayan ɗan gyara, mita 10 kuma ba ta damu da shi sosai ba. Wayar ragowar aikin gida ce, ban kashe ko sisi ba.

Talata, 14 ga Janairu

Na ciro gangar na'urar na share ƙurar da ta toshe ramukan iskarta da burushi mai laushi, na bi duk notunan saƙar tagulla na ƙara ɗaure su, na tarar na salansa ya saki. Ƙananan sukurorin tsinken eriyar mita 20 ma gargada ta sassauta su. Burushi da man goge haɗin lantarki, naira 3,000. Wannan dubawa za ta zama ta kowane wata.

Asabar, 25 ga Janairu

Gwajin mita 40 da abokan sha'awa na cikin gida bai ba da abin da nake so ba. Wata tasha a Legas ta ji ni da kyar, ta Kaduna kuwa ba ta ji ni ba sam, alhali a daren ranar na yi magana da kudancin Turai a wannan zango. Dalilin a siffar eriyar yake. Sanda a tsaye tana harba sigina ƙasa-ƙasa zuwa nesa, kuma ba ta aika kusan komai kai tsaye sama, ita kuwa tasha mai nisan kilomita 200 zuwa 500 sai da siginar da ta tashi sama sosai ta dawo ake isa gare ta.

Abin da aikin ya ci zuwa yau, ban da kuɗin na'urar da eriyoyinta da man mota, naira 113,000 ne. Mataki na gaba shi ne eriyar waya mai hannu biyu, kowane hannu kimanin mita 10, wadda zan riƙa ratayawa ƙasa-ƙasa a kan gora mai tsawon mita 4 idan na tsaya, don Kaduna da Jos da Yamai. Bayan ita sai batir na biyu a cikin but, da rile da zai raba shi da na mota idan injin ya mutu. Kafin zafin Maris ya shigo kuma ina so in auna yadda ƙarƙashin kujerar ke ɗumama idan motar ta wuni a rana, domin idan ya yi yawa, gangar na'urar za ta bukaci ƙarin fanka ko wani mazaunin dabam.